Farin Yadi a Makarantar Balki

A Kamba na fara sanin cewa na bar gida. Har Gummi, har Jega, maganar mutane kamar ta ƙofar gidanmu ce. Da muka tsallaka iyaka sai kakin sojoji ya canja, ruwan sha ma ya canja ɗanɗano. Ni da ɗiyata Balki ne, tana da shekara bakwai, hannunta cikin aljihun rigata. Haka take tafiya, ba ta riƙe hannun mutum, aljihu take riƙewa.

Balki ba ta magana a lokacin, kuma ba haka aka haife ta ba. Mu mutanen Yargalma ne. Shekarar gubar dalma kusan kowane gida ana dakan dutsen zinari a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san ƙurar nan kisa take yi. Yara suka fara amai da jijjiga, jiki ya sandare, ido ya juye sama. Wanta Nasiru da ƙanwarta Ummi suka tafi kusa da juna. Ita likitoci suka same ta da sauran rai, ta tashi, amma bakinta ya rufe. Uwarta Hajara ta rasu daga baya wajen haihuwa. Inna mahaifiyata ta ce in bar mata yarinyar in tafi neman abinci. Mun gwada. Balki ta ƙi cin komai daga hannun kowa sai nawa, shi ya sa na tafi da ita.

Wani mutumin Nasarawa Burkullu ne ya ba ni labarin Alhaji Bawa, babban mahauci a wani gari kudu da Kumasi a ƙasar Gana, wanda kakansa Bagumme ne. Ya ce duk wanda ya zo daga wajenmu ba ya korarsa. Da wannan maganar kawai na kama hanya.

A Malanbil wani direba ya rantse mini cewa har Kumasi zai kai mu. A tashar Faraku ya ce mu sauka mu sha iska, zai je a duba masa taya. Muka zauna a kan wani benci muna kallon ƙofar tasha har inuwa ta juya. Bai dawo ba. Buhunmu na cikin motar, a ciki har da zanen Hajara da nake shimfiɗa wa Balki.

Wata mai ƙosai a gefen tashar ta daɗe tana kallonmu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata yaren. Ta miƙo wa Balki ƙosai, Balki ta kau da kai, sai da na karɓa na ba ta. Matar ta yi mata magana, ba amsa. Ta taɓa leɓenta ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta kwance wani jan zane daga ƙugunta, na biyu da take ɗaurawa a kan na ciki, ta yafa wa yarinyar. Tun daga ranar Balki ba ta rabu da jan zanen nan ba.

Na yi dako a Faraku har muka samu babbar mota mai doya ta ɗauke mu. A kan doya muka ratsa Togo. Abin da ya fi damuna a hanyar nan itatuwa ne. Mu a ƙasarmu mutum na tahowa kana ganinsa tun daga nesa, ka san ko na gida ne. A can daji ya rufe hanya dama da hagu, sama ma ya rufe, sai ka ji magana kusa da kai ba ka ga mai yin ta ba.

Garin Alhaji Bawa kuwa, abin da ya fara tarye mu akwatunan gawa ne. A bakin titi kafintoci ke jera su, masu sheƙi, wasu a buɗe, kamar yadda ake jera gadaje a kasuwar Gummi. A bangon gidaje da jikin itatuwa kuma an liƙa hotunan mamata, manya-manya, suna murmushi. Aka ce mini gawa na iya yin watanni a cikin sanyi kafin a binne ta. Mu da muke wanke mamaci mu kai shi kafin rana ta juya, sai na ji kamar garin rabinsa na matattu ne da ba a sallama ba. Duk inda ka juya suna kallonka.

Balki ba ta wuce hoto ko ɗaya. Sai ta ja aljihuna mu tsaya, ta duba fuskar da kyau, sannan mu ci gaba. Na ɗauka launin takardar ne yake burge ta.

Alhaji Bawa ya karɓe mu kamar yadda aka faɗa. Dattijo ne mai ƙiba da dariya, bai taɓa ganin Gummi ba amma kullum sai ya tambaye ni ko gulbin na nan. Bazamfare yake kirana. Ya ba ni ɗaki a bayan gidansa a zango, wato unguwar Hausawa, ya sa ni aikin fiɗa da kai nama kasuwa. Shi ne kuma ya ce ba za a bar yarinya ta wuni cikin ƙudan mahauta ba, a kai ta makarantar da yaran zango ke zuwa da safe. Tsohuwar makarantar mishan ce, yaran gari da na zango duk a haɗe.

Malamar ajinsu Madam Esi ce, wata doguwar mace mai furfura. Ranar farko sai da ta ɓamɓare yatsun Balki ɗaya-ɗaya daga aljihuna, ta sa su cikin aljihun rigarta. Ban san me take yi mata a ajin nan ba. Na dai san bayan wasu watanni Balki ta fara cin abinci a makaranta. Ta fara gunguni a maƙoshi kamar waƙa. Wata rana ina alwala ta nuna buta ta ce, “Ruwa.” Na zauna a wurin da jiƙaƙƙen hannu na kasa ƙarasa alwalar. Bayan haka ta ce “Baba”, ta ce “nama”. Kalma ɗaya-ɗaya, kamar ɗigon ruwa daga rufin ɗaki, amma suna zuwa.

Ƙarshen shekara ya matso. Wata la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da ita a kusurwar ɗaki a tsaye, hannuwa a buɗe, jiki a sandare, ido a sama. Na kira sunanta ba ta motsa ba. Haka Nasiru ya fara. Na jefar da kwanon da ke hannuna na rungume ta ina salati, sai ta dube ni lafiya lau, jikinta ba zafi. Washegari ta sake yi. Jibi ma haka. Na ce a raina ciwon ya biyo mu har nan.

Sai na yanke shawarar in je in tambayi Madam ko tana yin haka a aji. Na je bayan azahar, lokacin da ya kamata a ce an tashi. Filin makarantar ba kowa. Daga wani dogon ɗaki na ji wata ƙara da na sani, na tsaya cak. Ƙarar yagar alawayyo ce. Wanda ya taɓa tsayawa ana yaga wa ɗansa likkafani ba ya manta ta.

Na leƙa ta taga. Ɗakin da duhu-duhu, an rufe sauran tagogin. A kan tabarmi a ƙasa ga yara a jere a kwance, kowanne an naɗe shi da farin yadi tun daga kai har ƙafa, ba mai motsi. Daga baya na ji cewa an ce su kwanta ne su yi kamar barci har a buga ƙararrawa su tashi. Ni ban san wannan ba. Abin da na gani shi ne ƙofar masallacin Yargalma, da ƙananan fararen ƙunshi a jere, liman na matsawa daga wannan zuwa wancan. A ƙarshen layin ga jan zanen Balki a ninke a gefe, ga ƙafarta ta leƙo daga cikin fari.

Ban san yadda na shiga ba. Na tsallake yaran mutane, na fizge yadin daga jikinta, na saɓa ta a kafaɗa. Madam Esi na bina tana magana da Turanci, yara suka tashi suna ihu. Balki ta riƙe bakin yadin da ƙarfin da ban san tana da shi ba, sai da ya yage a hannunta.

Daga ranar ta koma gidan jiya. Ba “ruwa”, ba “Baba”. Ta zauna fuskarta a bango da ƙyallen nan a dunƙule a hannu. In na kai loma bakinta sai ta datse haƙora.

Labari ya zaga zango. Bayan sallar la'asar, a dakalin ƙofar masallaci, Malam Idi na'ibin liman ya kama hannuna.

“Malam Umaru, Allah ya yi maka albarka. Shekara nawa ina faɗa ba mai ji. Wasan Kirsimeti ne fa suke koya masu. A ɗauki ɗiyan Musulmi a ce wai mala'iku ne. Wa ya taɓa ganin mala'ika balle ya yanka masa riga?”

Alhaji Bawa ya kwashe da dariya. “Kai Idi, ji tsoron Allah. Kai ma ka yi tunkiya a wasan nan kana yaro. Da idona na gan ka kana rarrafe da auduga a baya. Ga ka nan yau kana ja mana salla.”

“Lokacin jahilci ke nan, Alhaji.”

“Jahilcin bai hana ka cinye shinkafarsu ba. In Salla ta zo ba rufe makarantar ake yi ba? Yaransu ba a gidana suke cika ciki da nama ba?”

“Cin nama daban, tsayawa ana rera abin da addininka ya hana ka faɗa daban. Su zo su ci, mu je mu gaishe su, ba wanda ya hana. Amma makaranta ta karatu ce. Kowa ya yi bikinsa a gidansa.”

“To, Bazamfare, kai ka tayar da ƙurar. Me ka ce?”

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa. Maganar Malam Idi ta zauna mini, don ba zan so ɗiyata ta rera abin da ba namu ba. Maganar Alhaji ma ta zauna mini, don makarantar nan ce ta buɗe bakin Balki. In na cire ta, na san bakin ya rufe ke nan. In na mayar da ita, za su sake naɗe ta.

Madam Esi da kanta ta zo zango, riƙe da takalman Balki da jan zanenta. Ta zauna a kan turmi a tsakar gidan Alhaji, shi yana yi mana tafinta. Ta ce ta tsufa tana shirya wasan nan, yaran zango na ciki kowace shekara, ba uban da ya taɓa shigar mata aji haka.

Na ce, “Alhaji, ka ce mata na yi kuskure da na tsorata yaran mutane. Amma ka ce mata ba wanda ya tambaye ni.”

Ta ce ai abin farin ciki ne, ana tambayar mutum kafin a faranta wa ɗansa rai?

Sai na gaya mata. Ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar nan ba, har Alhaji. Na faɗi yadda muke naɗe mamaci da farin yadi marar ɗinki. Na faɗi Nasiru da Ummi, da yadda alawayyo ya ƙare a ƙauyenmu sai da aka aika Bukkuyum. Alhaji ya tsaya a tsakiyar tafinta ya share fuska da hularsa.

Madam ta ajiye takalman a ƙasa. Sannan ta ɗaga jan zanen ta ce su a wurinsu fari na murna ne, shi mace ke sawa in ta sauka lafiya. Ja da baƙi su ne na makoki. Tun ranar da Balki ta shigo ajinta da wannan zane take tausayinta, tana cewa wane irin uba ne zai bar yarinya cikin kayan makoki wata da watanni. Shi ya sa ta yi murna da ta ga yarinyar ta kama fari.

“Ba ni na zaɓe ta ba,” in ji ta. “Ranar da aka kawo yadin, ita ta taso ta riƙe shi ta ƙi saki. In sauran sun sa nasu sai ta riƙa binsu tana taɓa su. Na ɗauka daɗi take ji.”

Muka rabu a kan cewa Balki za ta koma aji, amma ba fari, ba waƙa. Ranar wasan za ta zauna kusa da ni a cikin iyaye. Malam Idi da ya ji zan je, kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka kawai. Balki ta koma makaranta, ta ɗan fara cin abinci, amma ba ta ce uffan ba.

Ranar wasan da rana tsaka aka yi shi, a dogon ɗakin nan. An rufe tagogi duka don hasken kyandir ya fito. Muka zauna a bencin baya, ita da jan zanenta, hannunta a aljihuna. Na ga mata suna waiwayenta suna raɗa. Aka buga ƙararrawa. Fararen ƙunshin nan da ke kwance a gaba suka fara motsi, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kyandir a ƙarƙashin haɓa, yadi ya rufe goshi. Suka buɗe hannuwa, suka ɗaga ido sama, daidai yadda Balki ke yi a kusurwar ɗaki. Na san yaran mutane ne, wasu ma ina sayar wa iyayensu nama. Duk da haka na kama karanta abin da na iya a zuci.

Sai na ji aljihuna ya yi sauƙi. Ta cire hannunta. Na cafke wuyan hannun, ta juyo ta dube ni. Ba kuka, ba fizga, kallo kawai. Na saki.

Ta bi tsakiyar mutane a hankali har gaba. Wani mutum ya miƙe zai tare ta, Madam Esi ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Balki ta je wurin yaron farko, ta ɗage yadin daga goshinsa, ta duba fuskarsa da kyau, ta mayar. Ta matsa ga na biyu. Waƙar ta fara raguwa, murya na faɗuwa ɗaya-ɗaya, har ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takun ƙafarta. A nan na gane kallon. Shi take yi wa hotunan bango tun ranar da muka shigo garin.

Ni na ɗauka ta manta. Shekararta huɗu lokacin. Ashe tana tsaye a bakin zaure ranar da aka fita da su cikin fari, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata inda aka kai su.

Ta duba na ƙarshe, wata 'yar ƙarama da ba ta wuce tsawon Ummi ba. Ta daɗe a kanta. Sannan ta juyo, ta nemo ni a cikin duhun nan, ta ɗaga murya yadda kowa ya ji, da Hausar ƙauyenmu.

“Baba, ba su nan.”

Na miƙe. Na ce, “Ba su nan, ɗiyata.”

“Ina suke?”

“Suna gida. Suna Yargalma, kusa da innarku.”

“To mu tahi.”

Mutanen ɗakin ba su ji abin da muka ce ba, ban da 'yan zango. Alhaji Bawa na ji yana jan hanci a bayana. Madam Esi ta sauko ta rako ta har wurina, ta mayar da hannunta cikin aljihuna da kanta.

Ba mu tafi nan take ba, sai da na yi aikin da zai kai mu. A watannin nan magana ta riƙa zuwa mata, a hankali, da nauyi, kamar yadda take yi har yau. Ranar da za mu taso, Malam Idi ne ya ɗauki buhunmu har tasha.

A maƙabartar Yargalma damina ta riga ta baje ƙananan kaburburan, sai da na nemi wata geza da na yi alama da ita. Na nuna mata wurin. Ta tsuguna ta dafa ƙasar ta yi sallama, ta kira sunayensu, ta ce masu ta je nemansu har Gana.

Yanzu a Bukkuyum nake zaune, a nan na shiga ajin yaƙi da jahilci har na iya rubuta wannan. Bara aka tara iyaye a makarantar firamare ta unguwarmu kan ko yara za su yi jerin gwanon Maulidi. Wasu suka ce lada ne, wasu suka ce bidi'a ce, wata ma'aikaciyar asibiti Kirista ta tambaya ko nata yaran dole ne su fito. Aka yi ta ɗaga murya. Da aka zo kaina na ce ni ba malami ba ne, ba ni da fatawa. Na ce in za a yi, a bi gida-gida a tambaya tukuna, wanda ya ce a'a a bar masa ɗansa ba tare da an nuna shi da yatsa ba, kuma a gaya wa kowane uba abin da za a sa wa yaron a jiki. Wannan ta ƙarshen ta ba mutane dariya. Wani ya ce, “Malam Umaru, ana maganar addini kana maganar tela?” Na bar su suka yi dariyarsu.

Balki ce ta zama telar. Tana da keken ɗinki a Gummi, a gidan mijinta, kuma kafin Maulidi da Salla fararen yadudduka sun fi yawa a ɗakinta. Teloli da hannu suke yaga yadi, ya fi sauri. Ita ma haka take yi, an gaya mini. Amma in ina zaune a ɗakin, sai ta ajiye shi a cinya ta nemo almakashi.